Yadda "Ƙara" Ta Koma "Ara" A Garam

 Ranar Asabar da ta wuce na tafi Garam gaishe da ƙanwata, na kuwa dawo da labarin da ban tafi nemansa ba. Ga wanda bai san wurin ba, Garam gari ne a ƙasar masarautar Suleja cikin Jihar Neja, dab da iyakar Babban Birnin Tarayya ta wajen Bwari. Tun hare-haren da 'yan bindiga suka kai wa garin a ƙarshen 2023 da farkon 2024, iyaye da yawa ba su son yaro ya yi nisa da gida in rana ta faɗi. Saboda haka hirar dare da samari suka saba yi a ƙofar gida ta koma cikin ɗaki, daga ɗaki kuma ta shige cikin waya da kwamfuta.

Ban gama shan ruwa ba sai ga ɗan ƙanwar tawa ya shigo da kwamfuta a hannu, ya durƙusa ya gaishe ni, sa'an nan ya ce, "Kawu, don Allah ka raba mu wata gardama, yau kwana huɗu ke nan abokaina biyu ba su ga maciji da juna." Na ce, "A kan kuɗi ne ko a kan yarinya?" Ya yi dariya ya ce, "A kan baƙi ɗaya ne, Kawu."

Sai in fara bayyana irin wasan da suke yi, domin na san yawancin tsararrakina in an ce wasan tebur, dara da lido da karta kaɗai za su faɗo musu a rai. Wannan wani iri ne dabam, ya fi kusa da tatsuniya. Mutum guda ne ke jan ragamar labari, shi ke faɗin inda ake da abin da ya auku, sauran kuwa kowa ya ɗauki matsayin wani mutum a cikin labarin ya faɗi abin da zai aikata. In aka zo wurin da ba a san ko abu zai yiwu ko ba zai yiwu ba, sai a jefa ɗan lido, abin da ya nuna shi ne hukunci. Shahararren cikinsu shi ne Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka cikin 1974. Da can sai an zauna tebur guda, amma yanzu akwai dandali a intanet, kamar Roll20 da aka buɗe cikin 2012, inda za a shimfiɗa taswira, a jefa ɗan lido, a ajiye dokokin wasa, alhali kowa yana garinsu.

Abin da ya burge ni shi ne yaran nan ba su tsaya ga dodanni da mayaƙan Turawa ba. Tarihin ƙasarsu suka ɗauko. Labarin nasu ya fara daga fitowar Sarkin Zazzau Makau daga Zariya a zamanin jihadi, da zamansa wajen Zuba, da rasuwarsa a yaƙi kusa da Lapai cikin 1825, har zuwa kafa garin Abuja da ɗan'uwansa Abu Ja ya yi cikin 1828, watau garin da yau muke kira Suleja, tun da aka ɗauki sunan aka ba sabon birnin tarayya, shi kuma aka sa masa sunan Sarki Sulaimanu Barau. A cikin wasan wannan Madawaki ne, wancan Galadima, ga Wambai, ga Dallatu. Ɗaya yana Zariya wajen karatu, ɗaya yana Kano, ɗaya kuwa yana can Maraɗi. Na ce a raina, ashe abin da malamin tarihi ya kasa cusawa da bulala, ɗan lido ya cusa shi a ruwan sanyi.

To, ga inda gizo ya yi saƙa. Dokokin wasan wani daga cikinsu ne ya rubuta da hannu, ya kai wani shagon buga takardu aka buga masa, aka mai da shi fayil irin wanda ake kira PDF, ya aiko. A ido takarda tsaf, ba abin da ya same ta. Yaron namu ya kwafi rubutun domin ya manna shi a dandalin da suke wasa, sai ya ga abin da bai taɓa gani ba. Kowane layi ya tsaya shi kaɗai kamar baitin waƙa, jimla ta karye gida uku gida huɗu, lambar shafi ta faɗo tsakiyar magana, ga kuma waɗansu alamomi sun watsu cikin kalmomi kamar tsakuwa a shinkafa. Ya ɗauka datti ne, ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya share.

Akwai dokar da ta ce wanda ya shiga yaƙi bisa doki "a ƙara masa biyu" kan abin da ɗan lido ya ba shi. A cikin kwafin ta fito "a }ara masa biyu". Da ya share abin da ya ɗauka datti, ta koma "a ara masa biyu". Madawakin Zariya ya hau doki ya ci yaƙi da waɗannan biyun. Galadiman Maraɗi ya ce ai aro ne, aro kuwa ana biyansa, a cire masa biyu a jifa na gaba. Wannan ya ce ana yi masa zalunci, wancan ya ce ga doka a rubuce, Hausa ce, kowa yana ji. Kuma kowannensu yana da gaskiya gwargwadon abin da ke gabansa. Da na duba sauran rubutun sai na tarar da wanda ya fi wannan muni, wurin da aka ce sarki "ya ƙi", ya koma "ya i". Ƙi ya zama i! Ban san wata ɓarna da ta wuce a juya wa mutum a'a ta koma na'am ba.

Alamomin nan ba datti ba ne, baƙaƙenmu ne masu ƙugiya sanye da rigar aro, kuma dalilin shigarsu wannan riga tsohon labari ne. Tun shekarun 1930 da aka tsayar da ɓ da ɗ da ƙ a rubutun boko, zamanin da Dokta Rupert East yake shugabancin hukumar talifi a Zariya, baƙaƙen nan uku suke fama da injuna. Waɗanda suka yi aikin ofis da tafireta sun tuna yadda akawu zai gama buga wasiƙa, sa'an nan ya ɗauki biro ya bi yana lanƙwasa kawunan baƙaƙe da hannu. Da kwamfuta ta zo, ita ma ba ta zo da su ba. Sai masu kishin harshe suka yi dabara, suka zana samfurin haruffa na musamman. A cikinsu wanda aka fi sani shi ne Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ta Kano, wanda a shekarun 1990 ya fitar da samfuran da ake kira Rabi'at da Abdalla. Aiki ne da ya cancanci yabo, domin littattafai da mujallu da kundayen ɗalibai masu ɗimbin yawa ta irin wannan hanya suka sami ƙugiyarsu.

Dabarar kuwa ita ce a sami wani madanni da Hausa ba ta cika bukata ba, a ɗora masa hoton baƙi mai ƙugiya. Ido yana ganin ƙ, amma a cikin kwamfuta lambar da aka ajiye ta wata alama ce dabam. Muddin samfurin haruffan yana tare da rubutun, asiri a rufe yake. Da zarar an kwafe rubutun an kai shi inda samfurin ba ya nan, riga ta faɗi. Iri biyu na fi cin karo da su. A na farko } ita ce ƙ, { ita ce Ƙ, ] ita ce ɗ, [ ita ce Ɗ, ɓ kuwa takan fito ~ ko \, gwargwadon samfurin da aka yi aiki da shi. A na biyu an ari q da x da v, sai ka ga "qasa" da "xaya" da "varawo". Duk mai yawan karatun Hausa a intanet ya taɓa ganin ɗaya daga cikin biyun nan, ko da bai san mafarinsa ba.

A wajen masu wasa abin yana da wani ƙarin haɗari. A Roll20, alal misali, baka biyu a jere umurni ne ga na'ura: abin da aka sa tsakanin [[ da ]] jifan ɗan lido ne, }} kuwa ita ke rufe gurbin rubutu a cikin katin da aka tsara. To, dubi kalmar "ƙaƙƙarfa" in ta fito "}a}}arfa", ko "shimfiɗaɗɗe" in ta fito "shimfi]a]]e". Kalmar Hausa lafiyayya ta zo ɗauke da umurni a cikinta ba da saninta ba.

Yau ba a bukatar wannan dabara. Tsarin Unicode, wanda aka fara fitarwa cikin 1991, ya ba kowane baƙi na harsunan duniya lambarsa ta kansa, namu ma suna ciki tun farkon shekarun 1990, sai dai an daɗe kafin kwamfutocin da ke hannun jama'a su iya nuna su. Yanzu wayar da ke aljihunka tana iya rubuta ɓ da ɗ da ƙ, har da ƴ da 'yan'uwanmu na Nijar suke amfani da ita, in ka sa mata allon rubutu na Hausa irin na Gboard. Amma sabo turken wawa, har gobe akwai shagunan da ke buga wa mutane takardu da tsohon samfuri, domin shi mai bugun ya koya, hannunsa kuma ya faɗa.

Wannan ke nan game da ƙugiya. Karyewar layuka kuwa ciwo ne dabam, kuma ba Hausa kaɗai yake kamawa ba, Bature ma yana kuka da shi. Kamfanin Adobe ya fito da PDF cikin 1993 domin takarda ta fito kama ɗaya a kowace na'ura, kuma ta wannan fuska ya cika aikinsa. Amma hanyar da yake bi ita ce ya faɗa wa kowane gungun baƙaƙe inda zai tsaya a kan shafi. Sau da yawa bai san jimla ba, bai san sakin layi ba, wuri kaɗai ya sani. Wanda ya taɓa shiga tsohuwar maɗaba'a ya ga yadda inji ke zuba kowane layi a sandar darma tasa dabam, a jera su a ɗaure, zai gane abin nan da nan. In ka kwance ɗaurin, sanduna za ka samu, ba magana ba. Shi ya sa in shafi ya rabu gida biyu, kwafi yakan ɗauko layi daga hagu ya haɗa da na dama, ya kuma kwaso kan shafi da lambarsa ya zuba a tsakiya. A cikin takardar yaran nan lambar shafi ta 7 ta faɗo daidai gaban kalmar "dawaki", har wani ya fara murna an ba shi dawaki bakwai.

Muka zauna ni da shi bayan la'asar, na ce ya jefar da kwafin da ya riga ya share, ya sake kwafo sabo daga tushe. Wannan shi ne abu na farko, kuma shi ne wanda mai gaggawa ba ya so. Rubutun da alamominsa ke nan ana iya warkar da shi cikin minti biyar, domin kowace alama tana tsaye a gurbin baƙinta tana jira. Wanda aka share masa su kuwa, sai an bi shi kalma kalma da ka, don ba na'urar da za ta san ko "ara" aro ake nufi ko ƙari.

Muka fara zuba shi a Notepad, wanda ba ya riƙe launi ko girman baƙi ko wani ado, daga nan muka kai shi Word. A shafukan intanet ma in an danna Ctrl da Shift da V tare, rubutu yakan sauka tsirara haka. A Word muka danna Ctrl da H, akwatin nema da musanyawa ya buɗe, muka ce duk inda } take a sa ƙ, haka muka bi sauran biyar. Sai dai kafin a yi haka a duba ko marubucin ya yi amfani da baka ta gaskiya a wani wuri, kada ita ma ta tashi da ƙugiya. Masu fama da iri na biyu kuwa, na q da x da v, su yi hattara ninki biyu. Su kunna zaɓin da ke bambanta babban baƙi da ƙarami, kuma kada su danna "musanya duka" in akwai sunayen baƙi ko lambobin Rumawa a ciki. Na sha ganin muƙalu na manyan malamai da aka rubuta "Uniɓersity" a kansu, na kuma ga shafi na xiv ya koma "ɗiɓ". Ba jahilci ba ne, dannawa ɗaya ce aka yi ba a waiwaya ba.

Daga nan sai karan ɗori. In kalma ta yi wa layi tsawo, masu tsara shafi sukan raba ta biyu su sa ɗan kara a ƙarshen layi. Shawarar da za ka ji wajen masu Turanci ita ce a share duk karan da ya zo ƙarshen layi a haɗe kalmar. Mu wannan ba ta karɓe mu ba. Harshenmu cike yake da "sannu-sannu" da "rubuce-rubuce" da "wasa-wasa", kuma in layi ya ƙare a tsakiyar irinsu, karan nasu ne na gado, ba na aro ba. Saboda haka muka bi su ɗaya ɗaya, na haɗewa muka haɗe, na bari muka bari. Ba su fi a ƙirga ba, ba su ci mana lokaci ba.

Sa'an nan muka zo ga layukan kansu, inda ake bukatar 'yar hikima. A akwatin nema na Word, ^p ita ce alamar ƙarshen layin da aka yanke. In ka ce a mai da kowace ^p fili, rubutun duka zai dunƙule ya zama curi guda, ba kai ba gindi. Don haka muka fara bin takardar muna duban ta asali, duk inda sakin layi na gaskiya ya ƙare muka tabbata akwai layi guda fanko a bayansa. Muka musanya ^p^p da wata alama da ba ta cikin rubutun ko kaɗan, mu @@@ muka zaɓa. Muka musanya sauran ^p da fili guda. Daga ƙarshe muka mai da @@@ ta koma ^p. Yaron ya ga jimloli sun miƙe sun haɗu da 'yan'uwansu, ya ce, "Kai, Kawu, ashe kai ma ɗan zamani ne!" Na ce masa na fi shekara talatin ina gyaran rubutun mutane, injin ne kawai yake sauyawa. Jadawali da jerin lambobi kuwa ba mu sa su cikin wannan aiki ba, mun cire su gefe tun farko, muka sake buga su da hannu, domin su karyewar layinsu ita ce ma'anarsu.

In kuwa PDF ɗin hoton shafi ne aka ɗauka, ba rubutu a cikinsa sam, sai an bi ta manhajar da ke karanta hoto ta mai da shi baƙaƙe, yawancinsu kuma in ba a saita su kan Hausa ba sukan ɗauki ƙ a matsayin k, ɗ a matsayin d. Wannan ya fi wancan sharri, gama ba ya barin alamar da za ta ja hankalinka. "Baƙi" ya zama "baki", "ɓari" ya zama "bari", rubutu kuma ya yi kyau a ido.

Da muka gama ya miƙa hannu zai kwafa ya manna, na riƙe hannun. Na ce saura abu guda, wanda ya girmi kwamfuta da tafireta duka. Malamanmu na zaure da suke kwafar littattafai da tawada da alƙalamin kara ba su ɗaukar kwafi ya kammala sai an yi muƙabala, wani ya riƙe na asali, wani ya riƙe sabo, a karanta a ji ko sun dace. Har kalmar farko ta shafi na gaba sukan rubuta a gindin shafi, don in takardu sun watse daga gafaka a san mai bin wani. Mutanen nan sun san kwafi amana ce, sun kuma san hannu yana zamewa. Na ba shi wayarsa ya buɗe PDF ɗin, ni na riƙe kwamfuta, yana karantawa da ƙarfi ina bi da ido. Shafi goma sha ɗaya ne, muka gama kafin a kira magariba. Muka kama kurakurai uku da duk musanye-musanyenmu ba su gani ba, ɗaya daga ciki layi ne sukutum da bai biyo kwafin ba.

Wani abu ya tsaya mini a rai a hanyar dawowa, ba zan ɓoye shi ba. In shafi goma sha ɗaya na wasan yara sun jawo gabar kwana huɗu, ina ga kundayen digiri da mujallu da littattafan da aka buga da tsofaffin samfuran nan cikin shekaru ashirin ko fiye? Suna nan a intanet, amma wanda ya nemi "ƙasa" ba zai same su ba, domin su "}asa" ko "qasa" suka sani. Ina ganin aikin sassan Hausa na jami'o'inmu ne da ɗakunan karatu su sa ɗalibai su juya su zuwa Unicode tun masu fayilolin asali suna raye, a kuma yi musu muƙabala yadda ta kamata. Masu shagunan buga takardu su ma lokaci ya yi da za su sauya hannu. Ku kuma samari, wanda ya rubuta doka ya aiko da fayil ɗin Word tare da PDF ɗin, a huta. Littafin wasa da kuka saya kuwa, kwafar abin da teburinku ke bukata dabam, rarraba shi ga duniya dabam, marubucinsa ma yana da iyali.

Bayan sallar isha'i suka haɗu su biyar, ina zaune gefe ina jin muryoyinsu ta kwamfuta. Yaron ya manna dokar da aka gyara, ya kuma aika musu hoton shafin asali don kowa ya gani da idonsa. Aka yi shiru kaɗan. Can sai Galadiman Maraɗi ya ce to ya yarda ƙari ne ba aro ba, amma shi ma tun daren Talata yana bisa doki ba wanda ya ƙara masa komai, a lissafa masa nasa. Na bar su suna lissafi na tafi na kwanta.

Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.